Garin psyllium da taurin bayan gida: inda ake yin kuskure

Mutum ya yi watanni yana fama da bushewar ciki, sai ya je kemis ya sayo garin psyllium, irin su Fybogel ko Metamucil, ya sha kwana ɗaya, ya ce kuɗinsa sun tafi a banza. Sau da yawa laifin ba na garin ba ne.

Babban kuskuren shi ne rowar ruwa. Garin nan ɓawon irin wani tsiro ne da aka fi nomawa a Indiya. Aikinsa ya tsotsi ruwa ya kumbura ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, shi ne bayan gida ke yin laushi. Zuba cokali ɗaya a ɗan ruwa ka bar shi minti goma, za ka tarar ya daskare, har cokali ya tsaya a ciki. To, haka zai yi a hanji in ruwa ya yi kaɗan, har ya iya toshe shi. Ƙunshi ɗaya na Fybogel, mai giram 3.5, yana son aƙalla mililita 150 na ruwa. A dama a shanye nan take kafin ya yi kauri, sannan a ci gaba da shan ruwa cikin yini, musamman da bazara, ko bayan buɗa baki in da azumi ne. Kada a sha garin dab da kwanciya barci.

Sai garaje. Wanda ya fara da cokali uku a rana guda zai kwana da kumburin ciki da iska. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3 kafin a ga canji.

Mai shan wasu ƙwayoyi kullum ya ba da tazarar kamar awa biyu, don garin na iya rage yadda jiki ke karɓarsu.

Wasu kuma in sun ƙosa sai su koma dafa filasko kullum. Yana sa zawo, gaskiya ne, amma da murɗa, kuma ba abin sha ba ne na yau da gobe sai da shawarar likita.

Akwai wanda ma ba gari yake buƙata ba. Tramadol da kodin da ƙwayar ƙarin jini duk suna busar da ciki, kuma psyllium bai cika yin tasiri ga mai shan tramadol ko kodin ba. Idan kuwa akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko amai da ciwon ciki mai tsanani, kada a ce ai basir ne kawai. A ajiye garin a tafi asibiti.