Yadda Ake Kafe Enzayim Biyu a Cikin Silika Mai Ramuka Don Su Yi Aiki a Jere

Ana cewa enzayim, wato furotin masu hanzarta sauyin sinadarai, suna aiki a jere idan abin da na farko ya samar shi ne na biyu zai karɓa ya sarrafa. Misalin da aka fi gwadawa shi ne enzayim biyu, gulukos oksides (GOx) da horseradish peroxidase (HRP): GOx yana sarrafa gulukos da iskar oksijin ya fitar da haidirojin feroksayid, shi kuma HRP ya yi amfani da feroksayid ɗin ya mayar da sinadarin ABTS kore. Idan an kafe su a mazauni guda, kamar garin silika mai ƙananan ramuka, ana iya tace su a sake amfani da su.

Da farko a zaɓi silikar da ramukanta suka fi babban enzayim ɗin faɗi. GOx yana da nauyin kilodalton (ma'aunin nauyin ƙwayar furotin) kusan 160 da tsawon nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) 7 zuwa 8, HRP kuwa kilodalton 44 ne kawai. Saboda haka nau'in silika mai suna MCM-41, wadda ramukanta sukan tsaya a nanomita 2 zuwa 4, ba za ta ɗauki GOx ba. Silika nau'in SBA-15 da aka buɗa ramukanta suka haura nanomita 10 ta fi dacewa.

Mataki na biyu shi ne duba caji, kuma a ganina nan ne aikin yakan lalace. A pH 7, wato a ruwan da ba asid ba ne ba kuma alkali ba, bangon silika yana ɗauke da cajin negatif, HRP yana da fozitif, don haka yana manne wa bangon ba tare da wahala ba. GOx kuwa negatif ne, wato shi da bangon ture juna suke yi, sai a tarar ya tsaya a ruwa HRP ya mamaye ramukan. Maganin wannan shi ne a shafe bangon da sinadarin APTES domin ya sami rukunonin amino masu cajin fozitif da za su jawo GOx, sannan, idan ana son ɗauri mai ƙarfi, a haɗa enzayim da bangon da sinadarin gulutaraldihayid kaɗan. Kaɗan fa, domin yawansa yana sandarar da enzayim ya rage masa kuzari.

Daga nan sai lodi. A fara da GOx, a gauraya shi da silikar a sanyin digiri 4 na ma'aunin Selsiyos na tsawon wasu sa'o'i, sannan a ƙara HRP, wanda ƙanƙantarsa za ta ba shi damar kutsawa guraben da suka rage. Kada a yi rowar HRP, domin idan feroksayid ya taru fiye da yadda zai iya cinyewa, shi kansa HRP ɗin yake kashewa.

Sai a kwantar da silikar da na'urar santirifuj, wadda ke juyawa da sauri ta tara gari a ƙasan ruwa, a wanke ta sau da dama, a ajiye ruwan wankin. Gwajin Bradford, wanda ake auna yawan furotin a ruwa da shi, zai nuna jimillar furotin da bai manne ba, amma ba ya bambance wane ne wane. HRP ana gane shi da hasken da yake sha a nanomita 403.

A ƙarshe a zuba gulukos da ABTS, a bi yadda koren yake ƙaruwa a wajen nanomita 415, a kwatanta da enzayim biyun da aka bari sake a ruwa daidai wannan adadi. A wanke silikar a maimaita gwajin zagaye bayan zagaye, ana auna ruwan kowane zagaye don a gane ko enzayim yana zubewa daga ramukan ne ko kuwa mutuwa yake yi a ciki.