Funfuna a ɗaki lokacin marka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda mun shiga marka, ga abin da na koya kan funfunar da ke cin bango da bayan wadirob.

Baƙin tabon nan ba datti ba ne kawai, abu ne mai rai, kuma da danshi yake rayuwa. Rima ita ce danshin da ke tasowa daga ƙasa ya hau gindin bango, yoyo kuwa daga rufi yake sauka. Ki gano wanne ne naki, domin in ba a toshe hanyar ruwan ba, ko kin goge sau goma funfunar za ta dawo. Fenti a kanta ɓarnar kuɗi ce.

Kada ki kankare ta a bushe ko ki share da tsintsiya. Ƙurar da ke tashi irinta ce, ita ke jawo atishawa da tari, ta tayar wa mai asma ciwonsa. Ki buɗe taga, ki sa takunkumi da safar hannu, ki wanke da ruwan omo. In za ki bi da Hypo ko Jik, kofi 1 a ruwa lita 4 ya isa. Don Allah kada ki haɗa shi da ruwan kal ko maganin wanke masai, iskar da ke fita guba ce.

Katifa ko darduma da ta jiƙe, a shanya ta bushe cikin kwana 2. Silin da ya riga ya ruɓe sai dai a canza. Turaren wuta kuma rufe warin kawai yake yi, Hajiya.