Bayan iska ta kwanta: kurakuran da muke tafkawa kafin wuta ta dawo

Wanda ya yi ko da damina biyu a Birnin Kebbi ya san yadda ruwan farko yake sallama. Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi jawur da ƙura, awaki su ruga gindin katanga, kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa kwanon wani ya riga ya yi sama. Minti ashirin an gama. Da safe ka fito ka tarar da dogon yaro kwance a kan waya, falwaya biyu sun durƙusa, unguwa tsit ba ƙarar fanka ba ta injin markaɗe. Sana'ata wayarin gidaje ce, kuma abin da na daɗe ina gani shi ne ɓarnar da muke jawo wa kanmu a kwanakin duhu takan fi wadda iskar ta yi da hannunta.

"Ai an ɗauke wuta"

Wannan kalma ita ce uwar kurakuran. Wata safiya bayan irin wannan iska na iske wani dattijo maƙwabcinmu riƙe da gora, yana ƙoƙarin janye waya daga bakin garkensa don tumaki su fita. Goran jiƙe yake sharkaf, shi kuma ƙafa ba takalmi.

"Baba, don Allah saki goran nan ka ja baya."

"Kai yaro, mi za ta yi man? Ai NEPA ta ɗauke tun jiya."

Allah ya tsare, a lokacin babu komai a cikinta. Amma da shi da ni babu wanda ya san haka. Wayar da ke kwance tana iya ɗaukar wuta ta hanya uku aƙalla. Ma'aikata kan gwada mayar da layi daga tasha don su gane inda matsalar take, kuma ba sa ganin abin da ke ƙofar gidanka. Janareton wani a can ƙarshen layi yana iya turo wuta baya. Sannan babbar wayar sama, mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000, tana iya faɗowa kan ƙananan wayoyin gidaje a wani wuri da ba ka gani. Waya mai rai ba dole ta yi tartsatsi ko ƙara ba, shiru take kamar maciji a cikin yayi.

Gyaran shi ne a ɗauki kowace waya da ta faɗi a matsayin mai wuta, a ba ta tazarar mita 10, wato kamar taku goma sha biyar. Ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauka, balle ta sha ruwa. Wanda ya farga yana kusa, ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ya yi nisa, kada ya buɗe taku, kada ya ruga. Haka kwanon da ya rataya a kan waya, da ƙofar ƙarfe, da kududdufin da wayar ta faɗa. A sa babban mutum ya tsaya a wurin yana korar yara da masu kiwo. Yaran da ke tsintar alminiyan su kai wa 'yan gwangwan su ne na fi jin tsoro, don su waya a ƙasa kuɗi ce.

Idan wuta ta riga ta kama mutum, kada kowa ya cafko shi. Gida ɗaya kan yi gawa biyu ta wannan hanya, na biyun mai ceto. A cikin gida a kashe babban makunni ko a zare fis tukuna. In babbar waya ce a waje, busasshiyar sanda ma ba ta isa kariya ba, sai an kashe layin daga tasha. Bayan an raba shi da wutar, in ba ya numfashi a fara danna ƙirji, a nemi mota. A bar ɗura masa madara ko manja. Ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin wuta kan rikita bugun zuciya kuma takan ƙona ciki fiye da abin da fata ta nuna.

Janareto

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne laifin irinmu masu sana'a yake. Akwai wata muguwar dabara da ta zama ruwan dare: waya mai kai biyu, ɗaya a janareto ɗaya a soket ɗin bango, gida ya haske. Mai gida yana murna bai kashe kuɗin canji-oba ba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar layi da ta janareto. Abin da bai sani ba, wutarsa ba ta tsaya a gidansa ba. Ta bi mita ta fita layi, ta isa taransifoma, ita kuwa taransifoma ba ruwanta da inda wuta ta fito. Yadda take sauke 11,000 zuwa 230, haka take ɗaga 230 zuwa dubbai in an shigo mata ta baya. Ma'aikacin da ke kan falwaya ya tabbatar an kashe layi daga tasha, sai ga wuta daga ɗan ƙaramin injin mai shayi. A sa canji-oba na ƙwarai, wanda ke raba gida da layin waje gaba ɗaya. Masu sola da inbata ma wannan hukunci ya hau kansu. Wanda ba shi da halin haka yau, ya jona fanka da caja kai tsaye a jikin injin, ya ƙyale wayarin gidan.

Sai wurin ajiye shi. Tsoron ruwa da tsoron ɓarayi kan sa a shigar da inji zaure, ko shago, ko lungun da ke jikin tagar ɗakin kwana. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai a ce zazzaɓin sauro ne, wani ma ya ce iska ce ta taɓa yaran. Iska ce kam, amma ta salansa, bututun hayaƙin injin. Idan mutum biyu ko uku suka kama ciwon kai lokaci guda kuma inji yana aiki, a kashe shi, a fito da kowa fili, a tafi asibiti. Inji ya zauna a sarari, mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon waje, a yi masa 'yar rumfa buɗaɗɗiya, a ɗaure shi da sarƙa in ɓarawo ake tsoro. Kuma a bar shi ya huce kafin a zuba mai.

Kowa na zaton wani ya kai rahoto

Na taɓa ganin unguwa ta kwana huɗu tana zagin ma'aikata, ashe babu mutum ɗaya da ya je ya faɗa. Bayan iska wurare da yawa ne suka lalace lokaci guda, kuma layin da aka san ciwonsa shi ake fara dubawa. "Ba mu da wuta" ba rahoto ba ne, duk gari haka yake. A faɗi sunan unguwa da layi, taransifomar da ke ba ku wuta, falwaya nawa suka faɗi, ta siminti ce ko ta katako, wayar sama ce ko ta ƙasa, akwai wadda ta gitta hanya ko makaranta. A haɗa da hoto, an ɗauka daga nesa. A rubuta takarda, mutum biyu su kai, a riƙe kwafi mai kwanan wata.

Yana da kyau kuma a san wa ke da me. Kaduna Electric ke rarraba wuta a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna, nata ne falwayoyin cikin gari da taransifomomin unguwa. Manyan turakun ƙarfe da ke ratsa daji na TCN ne, kamfanin dakon wuta na ƙasa, kamar layin bolt 330,000 da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, wanda daga nan ake tura wa Sakkwato. A 2025 da iska ta kayar da turakun wannan layi a yankin Shanga, jiha sukutum ta shiga duhu har da maƙwabta. A irin wannan hali tare ma'aikacin unguwa a hanya ana yi masa ihu ɓata baki ne, babu abin da zai rarraba. Gyara kuma daga sama yake gangarowa: babban layi, sai na 33,000, sai na 11,000, sai taransifoma, gidanka ne na ƙarshe. Idan an kai koke a rubuce aka yi kwanakin aiki 15 ba a warware ba, ƙa'idar NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, ta ba mai mita damar ɗaukaka ƙara zuwa ofishinta na sauraren koke, wanda ake kira Forum. Kwafin takardar nan shi ne makaminka a can.

Karo-karo

Ba na kushe karo-karo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a san cewa NERC ta sha nanata cewa sayen falwaya da waya da taransifoma nauyin kamfanin rarrabawa ne. Unguwar da ta ga ba za ta iya jira ba, ta zauna da kamfanin a rubuta yarjejeniya kafin a fitar da ko sisi, a fayyace abin da za a saya, wanda zai yi aikin, da yadda za a mayar wa mutane kuɗinsu.

A layinmu mun taɓa yin akasin haka. An bi gida-gida an tara, ba rasit ba littafi. Wanda aka damƙa wa kuɗin ya sayo falwayar katako da ba ta sha maganin gara ba, da siririyar waya, ya kawo wasu samari suka haƙa rami iya gwiwa suka dasa. An yi tafi, wuta ta dawo. Iska ta biyu ta kwashe su duka, gabar da ta biyo baya kuwa har yau akwai gidaje biyu da ba sa gaisawa. Araha ba ta ado. Falwaya tana son kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawonta a cikin ƙasa, a daddale gindin, wadda ke kan kwana ko ƙarshen layi a ɗaure ta da wayar da ke riƙe ta ta baya. Kuma kada a ɗauko yaron unguwa "mai zuciya" a ce ya hau ya haɗa. Ba shi da ikon kashe layi, bai san lokacin da za a mayar ba. Ko ni da nake cin abinci da wuta, iyakata mitar gida.

Abin da ya dace da samarin unguwa shi ne gadin taransifoma. Duhu na kwana uku ya ishi ɓarawo ya yanke kebul ya tsiyaye mai, sai a gyara layi a tarar babu abin da za a jona. A raba dare, a riƙa haska wurin daga wajen shinge.

Ranar da ta dawo

Da an ɗauke, a zare firij da talabijin da injin ruwa daga soket, a bar ƙwan fitila ɗaya a kunne. Mutane kan manta, sai ihun yara ya tashi "an kawo!", kafin a rufe baki hayaƙi na fita daga bayan talabijin. Idan iska ta tsinke wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, gidan da ya saba samun bolt 230 yana iya samun abin da ya doshi 400. Alamarsa, wani ƙwai ya yi haske fiye da kima, wani ya yi ja kamar garwashi, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tashi. In ka ga haka kashe babban makunni ka gaya wa maƙwabta. In komai daidai ne, ka ba ta minti goma ta zauna, sannan ka jona kaya ɗaya bayan ɗaya. Gidan da kwanonsa ya yaye ruwa ya shiga silin ko akwatin fis, kada a kunna sai ya bushe mai wayarin ya duba.

Firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cike kusan kwana biyu, a zafin Afrilu na Kebbi ma kada a yi ta jiran cikar wannan lissafi. Yawan buɗewa "a duba" shi ke ƙarasa shi. Mai kifin Yawuri ko na Argungu a firiza ya hura wuta ya yi banda tun a rana ta farko, nama a soye shi. Mai ciwon sukari ya ƙulle allurarsa a leda ya sa a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

Waɗanda ake mantawa

Da wuta ta tafi ruwa ke bin bayanta, burtsatse ya tsaya, kurar 'yan garuwa ta yi tsada, mutane su koma tsohuwar rijiyar da iska ta cika da shara. Daga nan gudawa ke shigowa. A tafasa ruwan sha. Mai burtsatsen sola ko babban inji ya sa lokaci, safe da yamma, ya buɗe wa maƙwabta, masu hali su haɗa masa kuɗin mai. Haka cajin waya a masallacin da ke da sola.

Hankalinmu kan tafi kan falwaya mu manta da gwauruwar da ɗakinta ɗaya ya yaye, da tsohon da ba ya iya fita, da mai jego a ɗakin kwano ba fanka. Su ba sa zuwa taron ƙofar mai unguwa. A tura mata biyu su shiga gida-gida, don akwai abin da namiji ba zai gani daga zaure ba. A yi gayya a rufa wa marasa ƙarfi kafin hadari na gaba, wanda sau da yawa ba ya wuce 'yan kwanaki.

Kafin a taɓa gyara, a ɗauki hoton kowane gida. Jami'an hukumomin agajin gaggawa, SEMA ta jiha ko NEMA ta tarayya, sukan zo ne bayan kwanaki, su tarar an mayar da kwano, mai gida yana rantsuwa babu shaida. Jerin sunaye ya fito daga hannun mai unguwa da liman da wakiliyar mata tare, a karanta shi a bainar jama'a. Da an cusa sunan ɗan'uwan da ko ƙusa bai rasa ba, jerin duka ya zubar da mutuncinsa.

Dogon yaron nan kuma da muke sha wa inuwa, rassansa da suka haye waya a watan Maris ya kamata a rage su, tun hadari bai fara haɗowa ba. A je ofishin wuta a nemi ranar da za su kashe layin, a tsayar da mai sara a wannan ranar, a gaya wa matan layin su yi markaɗensu tun da safe.