Yadda Za A Samu Kiran Gaggawa Ya Shiga Idan Rezo Ya Cushe A Yamai

Kowace eriya ta kamfanin waya, ko ta Airtel ce, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, tana da iyakar kiran da take iya ɗauka a lokaci guda. A tsarin 2G, kowace mita, wato hanyar iska da kira ke bi tsakanin waya da eriya, gida 8 kawai aka kasa ta, kuma sai kira ya samu gurbi a cikinsu zai shiga. Shi ya sa a safiyar Sallar Layya, ko a irin daminar 2020 da kogin Isa ya ɓalle ya shiga unguwannin Lamorde da Saga, sai ka ga waya cike da sanda amma kira ya ƙi shiga.

Da farko a ajiye lambobin tun kafin buƙata: 18 ta 'yan kwana-kwana, 17 ta 'yan sanda, 15 ta motar asibiti. Idan abu ya faru, mutum ɗaya ya kamata ya kira a madadin gida ko unguwa, domin mutum goma da ke ba da labarin gobara ɗaya suna toshe wa mai naƙuda a wata unguwa hanya ne. Mai kiran ya fara da wurin, ya ambaci alama sananniya kamar masallaci, kasuwa ko Gadar Kennedy, sannan ya faɗi abin da ya faru da yawan waɗanda abin ya shafa.

In kiran bai shiga ba, kada a yi ta dannawa babu ƙaƙƙautawa. Kowane yunƙuri yana cin gurbi a eriyar ko da bai haɗu ba, don haka a dakata kaɗan, a fita fili, ko a gwada layi na biyu idan wayar mai SIM biyu ce.

Sanar da dangi kuwa, saƙon SMS ya fi dacewa, saboda yana jira a layi har hanya ta samu. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya irin ƙ ko ɗ, sai ya ragu zuwa 70, ya rabu kashi-kashi. A irin wannan lokaci babu laifi a rubuta k da d zalla.

Bidiyon ambaliya da ake ta turawa a WhatsApp, a ganina, shi ne ɓarnar da ta fi yawa. A kashe intanet, a rage hasken allo, domin raunin rezo yana shanye batir da sauri, kuma 'yan agaji na iya sake kiran lambar don neman kwatance.