Yadda Za Ka Gano Jumla Mai Harshen Damo Ka Gyara Ta

Mai karatu ba ya jiran aya kafin ya yanke ma'ana. Idonsa na tsayawa kusan rubu'in sakan a kan kalma, nan take ƙwaƙwalwa ta liƙa ta ga abin da ya gabata ta hanya mafi sauƙi. A 1982 wasu masu bincike, Frazier da Rayner, sun yi amfani da na'ura wajen bin motsin idon masu karanta Turanci, suka ga ido yana turjewa daidai kalmar da ta rushe zaton farko, sau da yawa ya koma baya. Wannan kalmar ce za ka nema a rubutunka.

Fara da farautar "da", don ita ce uwar rikici a Hausa. Duba wannan: "Na gaishe da Audu da Binta ta shigo." Mai karatu ya riga ya haɗa Audu da Binta wuri guda, sai "ta" ta nuna masa ashe lokaci ake nufi. Waƙafi bayan "Audu" yana rage matsalar, amma bai kai sauya tsari ba: "Da Binta ta shigo, na gaishe da Audu." Ko ka sa "lokacin da".

Sai inda sunaye biyu ke takarar bayani ɗaya: "An kama ɗan direban da ya yi hatsari." Wa ya yi hatsarin? Da a ce "'yar direban da ta" ne, jinsi ya raba gardama. Idan jinsin ɗaya ne, raba jumlar biyu ka ambaci mai hatsarin. Irin wannan ta fi ta farko haɗari, domin babu inda ido zai yi tuntuɓe. Kowa zai ɗauki ma'anarsa ya wuce, bai san akwai wata ba.

Na uku, rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ya ce ya tafi" na iya zama labari, yana iya zama umarni. A baki bambancin a fili yake, a takarda babu shi. Rubuta "ya ce ya riga ya tafi" ko "ya umarce shi ya tafi". Haka "sai ya zo", wadda ke da fuska uku: labari, umarni, ko sharaɗi.

Kada ka gwada da kanka, kai ka san abin da kake nufi. Ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta da ƙarfi sau ɗaya, ka sa alama duk inda ya dakata ko ya sake karin murya. Bayan ya gama, ka tambaye shi wa ya yi me. Tambayar na da amfani: binciken Christianson da abokan aikinsa a 2001 ya nuna ma'anar kuskure ta farko takan maƙale a zuciyar mai karatu ko bayan ya kai ƙarshen jumlar. Idan amsarsa ta saɓa wa nufinka, sake gina jumlar daga farko.