Yadda za ka yi yini guda a Grand Canyon

In yini ɗaya tal gare ka a kwazazzabon Grand Canyon na jihar Arizona a Amurka, ka nufi gefen kudu, ka kwana kusa, ka yi sammako. Ni da asuba na isa Mather Point, wani wurin tsayawa kallon kwarin, sanyi na ratsa ƙashi, domin wurin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,100. Ka riƙe rigar sanyi ko da lokacin zafi ne.

Da gari ya waye ka ajiye motarka, ka hau bas ɗin da ke zirga-zirga kyauta, ka sauka a bakin South Kaibab, hanyar ƙafa mai gangarawa cikin kwarin. Nan ne nake son ka kashe ƙarfinka. Mutane da yawa a sama suke tsayawa, su ɗauki hoto su juya, alhali sai ka gangara ne za ka san girman abin. Daga sama kamar zane yake a bango, amma da ka yi 'yan kwanoni ƙasa sai duwatsun su tsaya a kanka, launi bisa launi, ja da fari da ruwan ƙasa. Na dafa wani farin dutse da tafin hannuna, ga sanyin dare bai gama fita daga jikinsa ba. Can ƙasa, zurfin kimanin mita 1,500, Kogin Kolorado ne ke ci gaba da cin dutsen, a kwarin da tsawonsa ya kai kilomita 446.

Ka tsaya a Ooh Aah Point, tafiyar kilomita ɗaya da rabi, ka juyo. Don Allah kada daɗin gangara ya ja ka. Hawa yakan ci ninki biyu na lokacin sauka, zafi na ƙaruwa yayin da kake yin ƙasa, kuma babu ruwan sha a wannan hanya ko ɗigo. Ka ɗauki ruwa isasshe da ɗan abin ci mai gishiri. In ka haɗu da ayarin alfadarai, ka raɓe jikin dutse ka tsaya cik har su wuce. Kuregen wurin kuwa ba sa tsoron mutum, kada ka miƙa musu abinci, suna cizo.

Da rana ta take, ka fake a gidan tarihin duwatsu na Yavapai, ka huta.

La'asar sakaliya sai ka hau bas ɗin Hermit Road, hanyar da ake hana motocin baƙi bi daga Maris zuwa Nuwamba, ka sauka a Hopi Point. Ka je da wuri ka samu wurin zama. Bayan rana ta faɗi kada ka tashi tare da jama'a, ka ƙara minti goma sha biyar, a lokacin ne bangon kwarin ke rikiɗa daga ja zuwa shuɗi-shuɗi. Sai dai ka fara duba lokacin bas na ƙarshe, kuma ka sa tocila a aljihu, domin duhun wurin ba na wasa ba ne.