Yadda ake sare bishiya da gatari da zarto don samun ƙota mai ƙarko

Duk shekara da ruwa ya sauka a Zariya, wajen watan Mayu, sai maƙera ta cika da manoma, kowa riƙe da fartanya ko garma yana neman ƙota. Masu sayarwa kuwa su kawo ɗanyen itacen da aka saro shekaranjiya. Maƙeri ya huda, ya sa ƙarfe, ya zauna daram. Kafin mako uku itacen ya bushe, ƙarfen ya fara girgiɗi, wani lokaci kan ƙotar ya tsage ana tsakiyar noman farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙotar da za ka yi aiki da ita da damina, tun da kaka ake sare itacenta, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da aka kwashe amfanin gona kuma babu shukar da bishiya za ta danne idan ta faɗi.

Wurin kawuna na koyi wannan aiki. Masassaƙi ne a wani ƙauye ta wajen Shika, kuma bai taɓa riƙe injin yankan itace ba. Da gatari da zarto da gizago ya ci da iyalinsa.

Zaɓen bishiya

Kafin komai, ka san ta wane ne. Bishiyar da ke cikin gona tana da mai ita, kuma sau da yawa wanda ke noma gonar aro ko haya ba shi da iko da itatuwan cikinta. Ka nemi izinin mai ita, in kan iyaka take a sanar da mai unguwa. Gandun daji na gwamnati, irin na Guga, ba a sara a ciki sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka kuwa ka ɗauke ido daga kansu gaba ɗaya. Daddawa da man kaɗe da miyar da suke bayarwa shekara da shekaru sun fi ƙota nesa ba kusa ba. Haka duk bishiyar da ke bakin hanya mutane na shan inuwarta.

A ƙasarmu marke ne a gaba wajen ƙota, ga tauri ga jure bugu, an fi samunsa kusa da rafi. Kanya tana biye, gara ba ta cika damunta ba. Bagaruwa da aduwa ma suna yi, sai dai aduwa ta fi yawa can arewa da mu, wajen Katsina da Kano. Kirya da makarfo sun yi tauri har suna dakushe gatari, kuma nauyinsu yana gajiyar da hannu, don haka ni ban ga amfanin sa su a fartanyar da mutum zai wuni da ita a duƙe ba. A bar kirya ga taɓarya da gawayin maƙera. Darbejiya ba ta kai marke ba, amma tana ko'ina, tana sake tohowa da sauri, ta kuma isa ƙotar fartanya. Rimin da garinmu ya yi suna da shi, da ceɗiya da gamji, itacensu laushi gare shi, ba sa riƙe ƙarfe. Itacen turare yana da miƙewa mai ban sha'awa, amma yana yawan murɗewa da tsagewa wajen bushewa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tun bishiya na tsaye ake ganin ƙota a jikinta. Dubi fartanyarka ko gatarinka na gargajiya: kan ƙotar ya fi jikinta kauri, nan ne ƙarfe ke shiga. Wannan kan daga mararrabar reshe da gangar jiki ake fitar da shi, domin a nan jijiyoyin itace suka sarƙe da juna, shi ya sa ko an huda wurin da jan ƙarfe ba ya saurin tsagewa. Garma ma, kusurwar da take bukata, reshen da ya fito a karkace ne ke ba da ita. Saboda haka ka zagaya bishiyar ka ƙirga irin waɗannan mararraba. Idan biyu ko uku kawai kake so, ka hau ka yanke rassan, ka bar uwar a tsaye. Sai in bukatarka tana da yawa, ko kana son miƙaƙƙen itace na diga da shebur da guduma, sannan za a kayar da ita. Kuma ba katuwa ake nema ba. Mai kaurin santimita 15 zuwa 25, wato kamar cinyar babban mutum, ita ce daidai aikin hannu.

Kayan aiki

Gatari, zarto mai manyan haƙora, adda, igiya mai ƙarfi, da guntayen busasshen itace guda biyu da aka fiƙe bakinsu kamar bakin gatari, don cusawa cikin yanka. Ka wasa gatarin tun daga gida, ka tabbata ba ya motsi a ƙotarsa. Haƙoran zarto su kasance a buɗe, ɗaya dama ɗaya hagu, in ba haka ba ɗanyen itace zai riƙe shi. Ɗan sabulu ko kalanzir a jikin ƙarfen yana sa shi santsi. Sa takalmi rufaffe, ban da silifa, ban da babbar riga. Kada ka tafi kai kaɗai.

Kayar da ita

Ka fita da sassafe kafin iskar hunturu ta taso. Tsaya daga nesa ka duba inda bishiyar ta karkata da kuma gefen da rassa suka fi nauyi. Can take son zuwa, kuma da kayan hannu ba a jayayya da ita. Ɗaga kai ka nemi busassun rassa, don su ne ke karyowa a kan mai sara, ka kuma duba ko akwai zuma ko rina. Share ciyawa da ƙananan tsirrai da adda iyakar inda gatari zai iya kaiwa, har da sama, domin ƙaramin reshe kan kama gatari ya juyo da shi kan ƙafa. Sannan ka share hanyar gudu a bayan bishiyar, a karkace zuwa gefe, ba daidai bayanta sak ba. Duk wanda ba ya cikin aikin, musamman yara, ya koma nisan tsawon bishiyar sau biyu.

Yanzu sai a buɗe mata baki ta gefen da za ta faɗi. Ka yi ƙasa sosai, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Fara da zarto, ka yanka a kwance har zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta, iyaka kashi ɗaya cikin uku. A bishiya mai santimita 20, wajen santimita 5 zuwa 6 ke nan. Sai ka ɗauki gatari ka riƙa sarowa daga sama a karkace har ka haɗu da ƙarshen yankan zarto, ɓallin ya fita. Bakin ya buɗe sosai, kada ya zama ɗan tsaga, don in ya rufe da wuri bishiyar za ta tsaya a rabin hanya ko ta ɓalle. Tsaya a bayanta ka duba: inda bakin nan yake kallo, nan za ta kwanta. In ya kauce, gyara shi tun yanzu.

Koma baya ka fara yanka da zarto, sama da ƙasan bakin da kamar yatsa biyu, a kwance daidai. Da zarton ya nutse, cusa fiƙaƙƙen guntun nan a bayansa ka ɗan buga da ƙeyar gatari, don kada nauyin bishiya ya danne zarton, kuma ya riƙa tura ta gaba.

A nan ne duk aikin yake. Ba a yanke bishiya har ƙarshe. Tsakanin yankan baya da bakin gaba dole ka bar wani siririn itace da ba a taɓa ba, daga wannan gefe zuwa wancan, mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na bishiyar, wato santimita 2 a mai santimita 20. Kawuna linzami yake ce masa, don shi ke riƙe bishiya ya kai ta inda aka nufa. Ina da shekara goma sha shida na taɓa yanke shi duka a jikin wata darbejiya, ina ganin sauri nake yi. Ta juya a kan kututturenta ta faɗa gefe, ta rushe dangar maƙwabci, gindinta ya wuce gwiwata da kaɗan. Kawu bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna ya ɗora a kan kututturen, ya ce, "Ɗana, ina linzamin? Doki ka sake ba linzami, sannan ka tsaya a gabansa." Har yau duk yankan baya da zan yi sai na tsaya sau biyu ko uku na leƙa gefe da gefe, in ga ko kaurin ya zo daidai. In gefe ɗaya ya fi siranta, bishiyar za ta ja zuwa gefen da ya fi kauri.

Da ka kai wannan iyaka, zare zarton, ka ci gaba da buga guntun itacen. Za ka ji ta fara ƙara, ka ga yankan baya yana buɗewa. Ɗaga murya ka sanar, ajiye kayan aiki, ka bi hanyar da ka share ba tare da ka ɗauke ido daga kanta ba. Kada ka tsaya kusa da kututture kana kallo, gindi kan yi tsalle ya dawo baya.

Bishiyar da ta karkata ƙwarai tana iya tsagewa ta tsawo tun kana yanka, ɓarin ya daki mai zarto. Irin wannan ka ɗaure ta tam da igiya zagaye da yawa a saman yankan, ko ka bar wa wanda ya fi ka ƙwarewa. Idan kuma ta faɗa kan wata ta maƙale, kada ka shiga ƙarƙashinta, kada ka sare wadda ta riƙe ta. Ɗaura igiya a gindinta ku ja daga nesa, ko ku mirgina gindin da doguwar sanda.

Fitar da ƙotoci

Kafin ka fara daddatsawa, sake bin bishiyar da ido daga gindi zuwa sama ka yi alama da gawayi. A kowace mararraba mai kyau, yanke gangar jiki da zarto taƙi ɗaya sama da reshen, taƙi ɗaya ƙasa da shi, ka bar reshen da tsawonsa. Guntun gangar shi ne kan ƙota, reshen shi ne mariƙi. Fartanya da gatari suna son kamu ɗaya da ɗan ƙari, amma ka ƙara yatsa huɗu a kowane ƙarshe, domin bakin itace ne ke tsagewa, daga baya za ka datse shi. Wajen sassabe rassa ka tsaya ta ɗaya gefen gangar, ita ta shiga tsakaninka da gatari, ka kuma kula da reshen da nauyi ya danne, yana iya fizgowa.

Miƙaƙƙen gindin da ba shi da ƙulli shi ne na diga da shebur da guduma. Datse shi mita ɗaya ko fiye kaɗan, sannan ka tsaga shi gida biyu ko huɗu da gatari da fiƙaƙƙun guntayen nan. Tsagawa ta fi yankan zarto ta tsawo, saboda tsaga tana bin jijiyar itace, zarto kuwa yana ratsa ta, kuma inda aka ratsa nan ƙota ke karyewa.

Busarwa

Iskar hunturun Zariya tana busar da itace da sauri fiye da kima, ruwa kuma ta baki biyun da aka yanke ya fi fita, shi ya sa suke tsagewa. A ranar da ka sare, shafe kowane baki da tsohon fenti ko narkakken kyandir, in babu ko laka mai kauri ta yi. Rage kaurin da gizago amma kada ka gama sassaƙa. Ɓawon kuma ka feffere shi layi-layi, ka bar wani, don bushewar ta tafi a hankali. Jera su a inuwa, cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa, a kan duwatsu ko bulo saboda gara, da ɗan tazara a tsakaninsu. Ban da rana, ban da kan rufin kwano.

Masu kaurin damtse da aka sare a Disamba sukan isa aiki kafin Afrilu. Na diga gara su shekara. Ka riƙa ɗaga su kana jin nauyi, in ya daina raguwa kuma ka gwara biyu ka ji ƙara mai kaifi, sun bushe. Sannan ka gama sassaƙa, ka goge da magagari, ka shafa man gyaɗa ko man kaɗe. A maƙera ka roƙi maƙeri kada ya ƙona ramin ya yi faɗi, ya bar ƙarshen shigar ƙarfen ga bugu.

Kututturen da ka bari ba matacce ba ne. Kafin ka bar wurin, gyara samansa da zarto ya ɗan gangara gefe ɗaya don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da shi, kada kuma a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Cikin damina zai fitar da tsirrai da yawa, musamman darbejiya. Ka dawo wajen Agusta da adda, ka zaɓi biyu ko uku da suka fi ƙarfi kuma suka fito daga ƙasa-ƙasa, ka cire sauran.